Shin Gyaran Masu Shaye-shaye Yana Aiki, Ko Ɓata Lokaci Ne?

Malam Kabiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ke yawo, ina so masana cikinmu su warware mana ita. Mutane da yawa sun yanke ƙauna da cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye. Hujjarsu ita ce, a kai mutum ya yi wata guda, ya fito ya yi ƙiba ya yi haske, kafin wata uku ya koma ruwa, wani ma ya fi da lalacewa. To gyaran ne ba ya aiki, ko yadda ake yin sa ne da gyara? Don Allah a yi mana dalla-dalla.

Dakta Zainab: Wa alaikumus salam, Malam Kabiru. Abin da mutanen suka gani gaskiya ne, sai dai sun ɗora laifin inda ba nan yake ba. Wata gudan nan da ake yi a kwance, kusan rabinsa wankin jiki ne, wato a raba jiki da ƙwayar a hankali har zafin yankewa ya lafa. Ga yawancin ƙwayoyi wannan mako ɗaya ne zuwa biyu. Ƙiba da hasken da ake gani aikin barci ne da cin abinci. Sashen ƙwaƙwalwar da ya koyi haɗa ƙwaya da jin daɗi, da sashen gaba mai taka wa mutum birki, watanni suke ɗauka kafin su daidaita, wani lokaci fiye da shekara. Shi ya sa mutum zai bi ta layin da ya saba saye, ko ya ji muryar tsohon abokin sha a waya, nan take jarabar ta motsa.

Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta daɗe tana cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne. Ba lallai a yi kwana 90 ɗin a kwance ba, har da zuwa ganin likita da mai ba da shawara daga gida. Kwana 28 da ya zama ruwan dare ya taso ne daga tsarin jihar Minnesota ta Amurka na wajen shekarun 1950, babu binciken da ya ce a kwana 28 ake warkewa.

Batun komawa ruwa kuma, kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda suka yi jinya suna komawa. Nazarin da McLellan da abokan aikinsa suka buga a mujallar JAMA a shekarar 2000 ya jera wannan da hawan jini da asma, inda kashi 50 zuwa 70 ciwon ke dawo musu. Ba wanda ke cewa maganin hawan jini ba ya aiki don jini ya sake hawa bayan mai shi ya ajiye magani. A shaye-shaye ne kawai muke sallamar mutum mu yanke masa jinya, in ciwon ya dawo mu ce jinyar ce ta gaza.

Dakta Yakubu: Dakta ta faɗi gaskiya, amma kada mu wanke cibiyoyin tas. Da yawansu ba su san sakamakon aikinsu ba. Duk wadda ta ce maka tana da nasarar kashi 90, tambaye ta abu huɗu: kashi 90 na waɗanda suka shigo, ko na waɗanda suka ƙarasa? An auna ranar sallama, ko bayan wata 12? Da gwajin fitsari aka tabbatar, ko da bakin mutum? Waɗanda aka kira ba su ɗauka ba, a wane layi aka sa su? In mutum 100 suka shiga, 40 suka tafi kafin lokaci, aka samu 30 a waya, 27 suka ce lafiya lau, sai a rubuta kashi 90. Gaskiyar lissafin kuwa 27 ne cikin 100, su ma ba a gwada ba.

Sannan a lura da lokaci. Watanni ukun farko ne mafi haɗari. Wanda ya kai shekara biyar bai taɓa ba, masu komawa a cikin irinsa ba su kai kashi 15 ba. Wani binciken John Kelly a Amurka kan mutanen da suka rabu da shaye-shaye ya nuna rabinsu ba su wuce yunƙuri biyu ba kafin su dace. Akwai masu yin sau goma ko fiye, amma ba su ne masu yawa ba, su ne dai aka fi gani a asibiti.

Sista Ladi: Kafin a yi nisa, bari in ja kunne kan giya, don nan ne iyalai ke kashe nasu da kyakkyawar niyya. Wanda ya daɗe yana shan barasa kullum, kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daina lokaci ɗaya. Yankewar hiroyin azaba ce amma da wuya ta kashe mai ƙoshin lafiya. Ta giya tana kisa.

Ga yadda take tafiya. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe: karkarwar hannu, gumi, tashin zuciya, bugun zuciya da sauri, barci ya gagara. Tsakanin awa 6 zuwa 48 ake tsoron jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga awa 48 zuwa 96 kuma shi ne lokacin babban ruɗewa: zazzaɓi, mutum bai san inda yake ba, yana ganin ƙwari a bango yana kakkaɓe zanin gado. Kaɗan ne ke kaiwa nan, kamar uku zuwa biyar cikin ɗari na masu yankewa, amma wanda ya kai ɗin asibiti ne kawai mafitarsa.

A asibiti akwai ma'aunin tsananin yankewar giya da ake kira CIWA-Ar, abu goma ake dubawa, makinsa ya tsaya a 67. In maki ya kai 8 zuwa 10 ake fara ba da dayazefam, maganin kwantar da jiki da sa barci, galibi miligiram 10 zuwa 20, a sake aunawa bayan awa guda, a riƙa ragewa cikin kwana biyar zuwa bakwai. Wanda ya taɓa jijjiga a baya, ko mai juna biyu, ko mai ciwon hanta ko zuciya, ko mai haɗa giya da ƙwayar barci, wannan kwantar da shi ake yi, ba a gwada shi a gida.

Malam Isa: In ƙara a kan na Sista. Mai hanta da ta lalace, lorazefam ake ba shi maimakon dayazefam, don dayazefam taruwa yake a jikinsa. Kuma kada a manta da tayamin, wato bitamin B1. Mashayin giya kusan ko da yaushe yana da ƙarancinsa, kuma hanjinsa ba ya tsotsar na haɗiya sosai, shi ya sa allura ake farawa da ita. In aka ɗaura masa ruwan sukari babu tayamin, ɗan abin da ya rage a jiki ya ƙone, sai ciwon Wernicke ya biyo baya: ruɗewa, tangaɗi, idanu na rawa. In an ga alamar, miligiram 500 ake bayarwa ta jijiya sau uku a rana na kwana biyu zuwa uku. In an makara, mantuwar tana iya zama ta har abada.

Bayan wankin jiki akwai magunguna uku na giya, kuma abin takaici ne yadda ake sallamar mutane ba a ko ambata musu su ba. Naltirezon miligiram 50 a rana, ko allurar 380 duk wata, yana dakushe daɗin giyar, ya rage sha mai yawa. Sharaɗinsa mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 bai taɓa kodin ko tiramol ko danginsu ba, a kuma duba hanta. Akamfirosat miligiram 666 sau uku a rana, yana kwantar da rashin natsuwar da ke bin bayan dainawa. Ta ƙoda yake fita, don haka ƙoda ake dubawa, kuma yakan kawo gudawa a farko. Wani babban nazari na 2014 ya nuna cikin kowane mutum 12 da aka bai wa akamfirosat, an tsare ɗaya daga komawa sha wanda da ba don maganin ba zai koma. Ba abin mamaki ba ne, amma magungunan da muke sha kullum da yawa ba su fi haka ba.

Na uku disulfiram. Shi hana jiki narkar da giya yake, wanda ya sha a kansa fuska ta yi ja, amai, ciwon kai, jini ya faɗi. Yana amfani ne kawai in mutum ya yarda da kansa, kuma wani yana kallon sa yana haɗiya kullum. Masu zuba wa miji ko ɗa a abinci a ɓoye su ji tsoron Allah, mai ciwon zuciya yana iya mutuwa, kuma ƙarfinsa na kaiwa mako biyu bayan an daina.

Alhaji Garba: Sannunku da ƙoƙari. Na giya ban da ja. Amma na san inda za ku, wato metadon da ɗan uwansa bufirenofin, magungunan da ake ba masu shan hiroyin a madadinta, kuma nan nake da magana. Mutum ya zo yana so ya rabu da ƙwaya, ku ɗauke masa wata ku miƙa masa wata, ya riƙa layi kullum da safe shekara da shekaru. Wannan canjin ubangida ne, bawan yana nan. Gyara na gaskiya shi ne mutum ya tsaya da ƙafarsa babu komai a jininsa, ya gyara tsakaninsa da Mahaliccinsa da iyalinsa.

Dakta Zainab: Ranka ya daɗe, burin da ka faɗa ba wanda zai ƙi shi. Amma sai mutum yana raye zai kai can. Nazarin da aka buga a mujallar BMJ a 2017, wanda ya tattara bincike kan mutane fiye da dubu ɗari, ya gano cewa cikin kowane mutum 1000 da ke kan metadon, kimanin 11 ke mutuwa a shekara, waɗanda suka fita daga jinyar kuwa 36. Na bufirenofin kimanin 4 ne da 9 zuwa 10. A Faransa, da aka bai wa likitocin unguwa damar rubuta bufirenofin a tsakiyar shekarun 1990, mace-macen wuce kima, wato shan ƙwaya fiye da yadda jiki zai ɗauka, sun ragu da fiye da kashi uku cikin huɗu cikin 'yan shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu a jerin magungunan dole tun 2005.

Bambancin yana cikin yadda suke aiki. Hiroyin tashi take ta faɗi duk awa huɗu zuwa shida, ranar mutum gaba ɗaya ta ƙare a nema, sha, buguwa, zafi, sake nema. Metadon kuwa yana zaune daidai a jini na awa 24 ko fiye. Wanda aka daidaita masa adadi ba ya buguwa, ba ya zafi, yana zuwa aiki, yana tuƙi, yana renon 'ya'yansa. Jikinsa ya dogara da maganin, haka ne. Amma sata da ƙarya da allurar haɗaka da ke yaɗa ƙanjamau da ciwon hanta sun tsaya, kuma waɗannan su ne ciwon.

Malam Isa: Sai dai Alhaji yana da hujja ta wani ɓangare, don metadon da aka bayar ba bisa ƙa'ida ba shi ma yana kisa. Kuskure biyu ake yi, kuma suna kishiyar juna. Na farko gaggawa. Ranar farko ba a wuce miligiram 30, ga wanda ba a tabbatar da sabon jikinsa ba ma 10 zuwa 20. Maganin taruwa yake, adadin da bai yi komai ranar Litinin ba zai iya tsayar da numfashi ranar Alhamis, don sai bayan kamar kwana biyar yake daidaita a jini. Ƙari miligiram 5 zuwa 10 ne bayan 'yan kwanaki. Makonnin farko su ne na haɗari, musamman in mutum yana haɗawa da giya ko ƙwayar barci. Na biyu rowa. A bar mutum a kan 30 ko 40 wata da watanni don tsoro, jaraba ba ta kwanta ba, ya je ya ƙara da na waje, a ce magani ya gaza. Yawancin mutane tsakanin 60 da 120 suke samun natsuwa. Wanda aka ba na tafiya gida kuma ya kulle shi a akwati, kurɓa ɗaya na iya kashe ƙaramin yaro.

Bufirenofin ya fi sauƙin haɗari, amma yana da tarkonsa. Ƙarƙashin harshe ake sa shi ya narke cikin minti 5 zuwa 10, in an haɗiye kusan ya tafi a banza. Kuma dole a jira zafin yankewa ya fara sosai, awa 12 zuwa 24 bayan shan ƙarshe: hamma, hawaye, majina, tsikar jiki ta tashi, ƙwayar ido ta buɗe. In aka sa shi da wuri, ture ragowar ƙwayar yake daga mazauninta a ƙwaƙwalwa, cikin rabin awa mutum ya faɗa azabar da ta fi wadda ya gudo, daga nan ya rantse ba zai sake ba. Ana farawa da miligiram 2 zuwa 4, a kai 8 a ranar farko, yawanci a zauna wajen 16.

Sista Ladi: Alhaji, ga abin da ke tsoratar da masu jinya game da wankin jiki kaɗai. Bayan mako biyu zuwa uku babu ƙwaya, sabon da jiki ya yi ya zube. Mutum ya fito, rana ɗaya ya zame, ya ɗauki adadin da ya saba a da, numfashi ya tsaya. A jihar Washinton ta Amurka an bi fursunonin da aka saki, aka ga a mako biyun farko haɗarin mutuwarsu ta wuce kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Wani bincike a Landan a 2003 ya gano cewa waɗanda suka mutu ta wuce kima bayan wankin jiki, cikin waɗanda suka ƙarasa shi ne, ba waɗanda suka gudu a tsakiya ba.

Don haka duk gidan da za a dawo da irin wannan mutum ya kamata a samu nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda hiroyin ko danginta suka tsayar wa numfashi, kowa ya san inda yake. Alamomin wuce kima: numfashi a hankali ko minshari mai gurnani, leɓe ya dushe ko ya yi shuɗi, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, ka murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu bai motsa ba. A kira agajin gaggawa, a fesa miligiram 4 a hanci ɗaya, ko allurar 0.4 a gefen cinya. In ba ya numfashi a hura masa iska duk daƙiƙa biyar. Bayan minti 2 zuwa 3 bai farka ba a ƙara. Ya farka a kwantar da shi ta gefe, kada a tafi a bar shi, don ƙarfin nalokson na ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuwa tana nan. Kwara ruwa, ɗura masa abin sha, ko cewa a bar shi ya yi barci zai wartsake, duk hanyar rasa shi ne.

Alhaji Garba: Lissafin rai na ji shi, kuma ba zan yi musu da shi ba. Amma magani na ɗaukar minti biyar ne a rana, sauran awa 23 da wani abu fa? Wanda duk abokansa mashaya ne, ba aiki, ba mai jiran sa, ko wane magani aka ba shi zaman banza zai mayar da shi. Ƙungiyar AA ta mashaya giya masu taimakon juna su daina, da aka kafa a Amurka a 1935, ba ta da ƙwaya ko ɗaya, zama ne da junansu da riƙon wanda ya riga ka. Nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, na 2020 ya nuna kashi 42 na waɗanda aka haɗa da ita ta tsararriyar hanya suna nan ba su sha ba bayan shekara, na sauran hanyoyin kuma 35. Sannan hodar iblis da ƙwayar ƙanƙara, wato methamphetamine, wane magani kuke da shi?

Dakta Yakubu: Babu, Alhaji, har yau ba a amince da ko ɗaya ba. Alƙaluman AA ɗin ma daidai ka kawo, amma na giya ne, kada a ɗauke su a ɗora wa hiroyin. Abin da ya fi aiki ga hodar iblis da ƙanƙara shi ne tsarin tukuici, wanda Stephen Higgins ya gwada a jihar Vermont a farkon shekarun 1990. Ana gwajin fitsari sau biyu ko uku a mako, don ragowar hodar iblis kwana biyu zuwa uku take yi a fitsari. In ya fito tsaf, nan take a ba da tukuici, na gaba ya fi na baya, in an zame a koma farko, babu faɗa babu kora. Yawanci mako 12. Inda yake lalacewa shi ne in tukuicin ya yi ƙanƙanta, ko aka ce sai ƙarshen wata. Ƙwaya yanzu-yanzu take biya, abin da zai yi takara da ita shi ma sai ya biya yanzu.

Kan hanyoyin zama da magana, wani bincike mai suna Project MATCH na shekarun 1990 ya raba mashaya giya 1,726 gida uku: masu koyon sarrafa tunani da ɗabi'a zama 12, masu hanyar AA zama 12, masu zaman ƙarfafa niyya zama 4 kacal. Dukkansu sun rage sha sosai, bambancin tsakaninsu kaɗan ne. Abin da na ɗauka a nan shi ne, sunan hanya bai kai dagewa a kanta da ingancin mai ba da ita muhimmanci ba. Mai shawarar da ke tsawa da kunyatarwa sakamakonsa ya fi muni, ko wace hanya ya riƙe.

Maganarka ta muhalli kuma tana da babbar shaida. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam a farkon shekarun 1970. Kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da hiroyin a can. Da suka koma gida, cikin waɗanda suka kamun kimanin kashi 5 ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko, 12 cikin shekara uku. Wuri ya canza, abokai sun canza, tsoron yaƙi ya tafi. Mu kuwa mutum muke cirewa na wata guda mu mayar da shi ɗaki ɗaya, lungu ɗaya, lambobin waya ɗaya.

Malam Kabiru: Allah ya saka da alheri. To wanda ya ce shi sam ba shi da matsala fa? Ba gara a kama shi da ƙarfi a kai ba?

Hajiya Bilki: Malam, wannan ita ce tambayar kowace uwa, kuma na san daga ƙuna take fitowa. Amma tsarewa daban, jinya daban. A Maleshiya an kwatanta waɗanda aka tsare da ƙarfi da waɗanda suka je cibiyar sa-kai mai ba da metadon, aka buga a 2017. Rabin 'yan tsaren sun koma ruwa cikin kwana 31 da fitowa, na sa-kai kuwa sai kwana 352. Tun 2012 hukumomi 12 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka haɗa baki suka nemi a rufe irin waɗannan gidajen tsare. Duk inda ake ɗaure mutum da sarƙa, ko duka, ko horo da yunwa, abin da ake koya masa shi ne ɓoyewa, kuma ya fito da sabon rauni a zuciya da zai nemi abin dannewa. Matsin lamba daga kotu ko wurin aiki wani abu ne dabam, wannan kan yi amfani in ƙarshensa jinya ce ta gaskiya. Haka wanda hankalinsa ya gushe ko yake shirin kashe kansa, likita na iya kwantar da shi bisa doka na ɗan lokaci.

Akwai tsarin da ake koyar da iyali mai suna CRAFT, na Robert Meyers. A gwajin 1999, kashi 64 na iyalan da aka koya wa sun shawo kan nasu ya shiga jinya da ƙafarsa. Hanyar taruwa a ritsa shi ta samu 30. Ga ainihin abin da ake koyarwa. Ba a magana da shi yana buge, a jira safiya. A faɗi abin da aka gani da yadda aka ji, a taƙaice: "Jiya ba ka kwana gida ba, hankalina ya tashi." Ranar da ya dawo garau a sakar masa fuska, a zauna da shi, ranar da ya dawo buge a janye ba tare da hayaniya ba. A daina biya masa bashin dillali, a daina yi wa maigidansa ƙarya cewa ba shi da lafiya. A nemi gurbin jinya tun kafin ya yarda, don ranar da ya ce to, ƙofar ba ta daɗewa a buɗe, in aka ce ya dawo bayan mako uku an rasa shi. In akwai duka a gidan, tsaron matar da yara ne farko.

Ummi: Don Allah Anti Dakta, tiramol da kodin da ƙwayar barci fa? Su ma haka ne?

Dakta Zainab: Kodin ɗan gidan hiroyin ne, ƙa'idarsu ɗaya, har da zubewar sabo da nalokson. Tiramol fuska biyu gare shi, Ummi. Yana aiki irin na kodin, yana kuma taɓa sinadaran da magungunan damuwa ke taɓawa. Shi ya sa mai daina shi, ban da ciwon jiki da gudawa, yakan ji firgici, ruɗewa, da wani abu kamar jan lantarki a kai. Iyakarsa a asibiti miligiram 400 ne a rana, sama da haka jijjiga na ƙaruwa, kuma haɗa shi da maganin damuwa haɗari ne. A hankali ake rage shi, in kamun ya yi nisa a koma bufirenofin.

Ƙwayar barci irin su dayazefam layin giya take bi, yankewa lokaci ɗaya na kawo jijjiga. Kashi 5 zuwa 10 ake ragewa duk mako ɗaya ko biyu, ya kan ɗauki watanni. Cibiyar da ta ce za ta raba mutum da ita cikin kwana goma, a guje ta. Wiwi kuwa ba ta da haɗarin rai wajen dainawa: fushi, rashin barci, mafarkai masu nauyi, rashin cin abinci, su tsananta a makon farko su lafa bayan biyu. A sani cewa fitsarin mai shan ta kullum na iya nunawa har wata guda bayan ya daina, kada a ƙaryata shi a kan wannan.

Abu guda da ba mu taɓa ba: da yawa suna ɗauke da ciwon damuwa, ko firgicin wani abu da ya same su, ko taɓin hankali, tun kafin ƙwayar. In ba a yi maganinsu tare ba, an bar dalilin shan yana nan. A sake duba mutum bayan mako 2 zuwa 4 da dainawa, don wata damuwar ta ƙwayar ce tana wucewa, wata kuwa tana zama. Kuma a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka masa tunanin.

Dakta Yakubu: Ga mai neman cibiya, ya tambaya ko akwai likita da ma'aikacin jinya dare da rana lokacin wankin jiki, ko suna ba da magungunan da Malam Isa ya lissafa ko sun haramta su, da abin da suke yi wa wanda ya zame, korar sa ko ƙara masa kulawa. Ya nemi ganin rubutaccen tsarin bayan sallama: ranar ganin likita cikin makon farko, wa zai kira shi, ina zai kwana, me zai yi da safe. In sun hana iyali ganin ɗakunan kwana, amsa ta fito. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi na 2024 ya ce mutum miliyan 64 ne ke fama da wannan ciwo, ɗaya cikin 11 ne kawai ke samun jinya, a mata ma ɗaya cikin 18.

Alhaji Garba: Saura tambayata ɗaya, Dakta. Wanda ya natsu a kan metadon, ya samu aiki, ya ce yana so ya sauka, za ku bar shi?

Dakta Zainab: Za a bar shi, ranka ya daɗe, haƙƙinsa ne. Shawara dai kada ya fara kafin ya cika wata 12, kuma sai gida da aiki sun zauna, fitsari ya daɗe tsaf, ba lokacin rasuwa ko saki ko canjin gari ba. Ragewar ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 duk mako ɗaya ko biyu, in an sauko ƙasa da miligiram 30 a ƙara sassautawa, don nan ne ya fi ciwo. Wasu a nan ake mayar da su bufirenofin su ƙarasa da shi. In barci ya gagara ko jaraba ta motsa, a tsaya a inda ake, ko a koma sama kaɗan. Bayan ya sauka a ci gaba da ganin sa, musamman makonni huɗun farko, da nalokson a aljihunsa, kuma ya san in ya zame zai dawo a karɓe shi a ranar ba tare da sabon layi ba.

Malam Isa: Kuma in yana son naltirezon ya tsare shi bayan saukar, daga metadon sai ya jira kwana 10 zuwa 14, ba 7 ba, a gwada fitsari kafin a ba shi.